Ranar da Aka Zo Auna Ruwan Manaja Haladu

Wani mutum ne ana ce masa Injiniya Haladu, shi ne manajan hukumar ruwa ta garin Dutsen Gamji. In dai cika baki ake magana, to a sallama masa kawai. Irin mutumin nan ne da zai sayi akuya ya ce maka saniya ce ba ta gama girma ba. Gajere ne, ga tumbi, ga farar hular kwano irin ta ma'aikata wadda ba ta barin kansa ko ɗaurin aure za shi. Ya taɓa zuwa wani ɗan gajeren kwas a ƙasar waje tun yana da gashi a ka, amma har gobe ba ya buɗe baki sai ya ce, "Lokacin da muke Turai..."

Shi kuwa Dutsen Gamji sunansa ne ya bi shi. Gari ne a kan dutse. Da bazara ta kama sai rijiyoyi su ƙafe ƙaf, ka jefa guga ka ji ta ce ƙwal a ƙasa. Ruwan famfo kuma kamar jinjirin wata yake, sai an yi ta leƙe, in ma ya fito a kama gardama, wasu su ce sun gani, wasu su ce ƙarya ne. Injin turo ruwa uku ne a matatar ruwan garin. Ɗaya ya mutu murus. Na biyu an farke cikinsa an yi wa na uku magani da kayansa. Na ukun kuwa basarake ne, sai ranar da ya ga dama yake fitowa. 'Yan garuwa masu tura kura su ne suke riƙe da ran garin.

Amma je ka ji Haladu a hedikwata. Sai ka rantse a tsakiyar kogi aka gina garin.

Ana nan sai aka yi sabon Babban Darakta a hukumar ruwa ta jiha, wani siririn dattijo ana ce masa Injiniya Mudi. Ba shi da hayaniya, maganarsa ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada jariri. Ya tara manajojin garuruwa gaba ɗaya a ɗakin taro, ya ce daga yau da mudu ɗaya za a riƙa auna kowa. Awa nawa ruwa yake zuwa a rana? Cikin abin da ya fito daga matata, nawa ne yake isa gidajen mutane, nawa yake tsiyayewa a hanya? Yaya ƙarfinsa a bakin famfo? In bututu ya fashe, yaushe ake gyarawa? Ruwan datti kuma ina yake tafiya? Ya ce garin da ya fi kowa shi za a ɗauka abin misali, a riƙa gwada sauran da shi. Ya ƙara da cewa kujerar Daraktan Ayyuka tana nan babu kowa a kai, kuma daga cikinsu za a ɗauki mai ita.

Da jin maganar kujera, kunnen Haladu ya miƙe kamar na zomo.

Aka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan Injiniya Asabe, manajar garin Kwanar Marke, wata mace mai tabarau wadda ba ta dariya sai da dalili.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu awa tara muke iya bayarwa a rana. Kusan kashi arba'in cikin ɗari na ruwanmu a hanya yake zubewa. Bututunmu sun tsufa, muna ta faci."

Haladu ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Hajiya, ai wannan ba hukumar ruwa kike riƙe da ita ba. Rariya ce."

Wasu suka yi dariya. Asabe ta dube shi ta saman tabarau, ta koma ta zauna.

Da aka zo kansa sai ya miƙe, ya gyara wando, ya yi gyaran murya.

Darakta ya ce, "Manaja, awa nawa?"

"Ashirin da huɗu, ranka ya daɗe. Da rana tana da ashirin da biyar da mun cike ta."

"Abin da yake zubewa a hanya fa?"

"Ko ɗigo. Bututunmu ko gumi ba ya yi."

"Ƙarfin ruwa?"

"A nan ne muke da matsala, ranka ya daɗe. Ya yi yawa. Kwanan nan wata mata ta kawo ƙara wai ya ɓula mata bokiti."

"Magudanan ruwan datti?"

"Shimfiɗa tabarma ka ci tuwo a ciki."

Darakta ya kaɗa kai. Can sai ya ce, "Masha Allah. To ai mun huta da nema. Ranar Laraba ta sama ni da duk manajojin nan za mu zo Dutsen Gamji da kayan awonmu. Gani ya kori ji."

Mai hankali a nan zai ja da baya, ya ce ana ɗan gyare-gyare, a ɗaga zuwa bayan damina. Ban da Haladu. Ya ga ido ya yi masa caa, ga Asabe tana kallonsa, sai bakin ya sake kufce masa.

"Sharaɗi ɗaya gare ni, ranka ya daɗe. Kada wanda ya shigo mini gari da ruwan roba ko na leda. Cin fuska ne. Wanda zai je teku ba ya tafiya da buta."

Aka yi masa tafi raf-raf-raf. Ya fito yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. Sai da ya shiga mota ya rufe ƙofa sannan abin da ya faɗa ya dawo masa. A duk mutanen Dutsen Gamji, ranar nan cikinsa ne kaɗai ya ɗuri ruwa.

Yana isa ofis ya kira mataimakinsa, Sallau, wani dogo mai sanyin jiki wanda bai taɓa ce wa oga a'a ba sai a zuci. Ya kwashe labari ya faɗa masa.

Sallau ya dafe kai. "Oga, ai ba a fafe gora ranar tafiya."

"Wa ya ce maka fafewa za mu yi? Fenti za mu shafa mata. Saurara ka ji aikin ƙwaƙwalwa. Daga yau ka rufe bawul na bututun kowace unguwa, kada ruwa ya wuce. Duk ɗigon da injin nan ya turo, a tara shi a babban tankin kan dutse. Ranar Laraba, da baƙi sun shigo, ka saki ruwan gaba ɗaya a Layin Maƙera. Ta nan kaɗai zan bi da su, daga bakin tasha zuwa ofis."

"Sauran gari fa, oga?"

"Sauran gari baƙi ne? Ai sun saba."

"Bututun layin nan ya girme ni fa. In aka sakar masa tanki guda..."

"Sallau, ka taɓa zuwa Turai?"

"A'a, oga."

"To rufe mini baki, ka je ka rufe bawul."

Saura 'yan garuwa. Garin da ruwa ba ya yankewa ai bai kamata a ga kura ko ɗaya a titi ba. Haladu ya aika aka kira masa shugabansu, Ɗanjimma, wani ƙaƙƙarfan mutum mai kanta a tafin hannu. Ya ja shi gefe, ya yi fuskar tausayi.

"Ɗanjimma, don kai nawa ne shi ya sa zan tsegunta maka. Ranar Laraba manya za su zo daga jiha kamen 'yan garuwa. Duk kurar da suka gani, sai mota. Ku kwashe kayanku ku yi ƙauye tun ranar Talata."

Ɗanjimma ya zaro ido. "To Manaja, in muka tafi, wa zai kai ruwa gidanka? Hajiyarka ta ce kura biyu ma ba ta isarta."

"Rage murya mana. Kai ba ka iya magana a hankali ba?"

Daga nan ya bi masu shaguna ɗaya-ɗaya, ya ce masu duba tsafta ne za su zo, duk wanda aka kama da ruwan leda za a rufe masa shago. Kafin a ce kwabo, ruwan leda ya ɓace a garin kamar an yi ruwa an ɗauke.

Sai kuma mutanen Layin Maƙera. Ya tara su a ƙofar gidan mai unguwa, ya yi musu alkawarin in suka rufa masa asiri, layinsu ya rabu da ƙishirwa har abada.

"Abu ɗaya nake so. Duk baƙon da ya tambaye ku yaya ruwa, ku ce ba ya yankewa."

Wata tsohuwa mai sayar da waina, Gwaggo Tabawa, ta ce, "Ai ba ƙarya a ciki, ɗan nan. Abin da bai zo ba, ina zai yanke?"

Haladu ya yi kamar bai ji ba.

Kwanakin nan garin ya ji jiki. Da can ana samun ɗan tsiyaye jefi-jefi, yanzu ko hucin iska babu a famfo. Farashin jarka ya yi tashin gwauron zabo. Mata suka koma wanke kwano da ruwan da aka wanke shinkafa, a wanke tsumman jariri da ragowar. A ɗan asibitin garin sai da aka ce wa masu jinya kowa ya taho da jarkarsa. Ranar Talata kuma 'yan garuwa suka yi layi suka fice, kura bayan kura, ƙiii-ƙiii, kamar masu gudun yaƙi. Haladu kuwa yana can yana sa a shafa wa bangon ofis shuɗin fenti.

Laraba ta yi. Da hantsi sai ga motoci sun shigo, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya. Haladu yana tsaye a bakin tasha da sabuwar hular kwano, fuska sai sheƙi. Aka gaisa. Ya juya baya, ya kara waya a kunne.

"Sallau, saki."

Ya jagoranci baƙi zuwa famfon farko na Layin Maƙera, ya murɗa kansa da yatsa biyu kamar mai buɗe turare. Shiru. Ya yi murmushi. Can sai bututu ya ce ƙurrr. Ya ce fuuu. Ya yi tari, kwaf, kwaf. Sai ya tofo wata jar laka, da busasshen ƙadangare a cikinta.

Darakta ya sunkuya ya dubi ƙadangaren.

Haladu ya ce, "Tsabar daɗin ruwan ne, ranka ya daɗe. Har dabbobi bin sa suke yi."

Bai rufe baki ba sai ruwa ya ɓarke, shaaa, fari tas, da ƙarfin da sai da kowa ya ja da baya. Asabe ta ɗauko agogon auna ƙarfin ruwa ta ɗaura a bakin famfon. Allura ta zabura ta haye can sama. Asabe ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake dubawa. Manajoji suka fara kallon juna.

Haladu ya turo tumbi gaba. "Rubuta mana, Hajiya. Ko birona zan ara miki?"

A ransa har ya hau kujerar Daraktan Ayyuka, yana tunanin irin labulen da zai sa a ofis.

Abin da bai lissafa ba shi ne kunnen mai jin ƙishirwa. Wata mata a gidan da yake kallon famfon ta leƙo ta katanga, ta rangaɗa guɗa, ta ce an kawo ruwa a Layin Maƙera. Maƙwabciyarta ta karɓa. Kafin Asabe ta kwance agogonta, labari ya kai ƙarshen gari. Sai aka fara jin wani sauti daga nesa, kwaram-kwaram-kwaram, yana matsowa. Ta kowane lungu mutane suka ɓullo a guje, maza da mata, tsofaffi da magidanta. Masu bokiti, masu jarka, masu baho, masu tukunyar tuwo. Wani tela ya taho da baro cike da galan, tef ɗinsa yana rataye a wuya. Wani ya fito daga wurin aski da rabin kai, buta a kowane hannu.

Darakta ya ce, "Manaja, waɗannan fa?"

"Tarba ce, ranka ya daɗe. Al'adar garin nan ce, babban baƙo da bokiti ake tarbarsa."

"To na ga babu wanda ya dube ni."

"Kunya ce. Mutanenmu akwai kara."

Daidai nan wani ƙato ya bangaje Darakta da jarka, ya waiwayo ya ce, "Baba, in ɗiba za ka yi ka bi layi."

Darakta ya gyara hularsa. Ya hango Gwaggo Tabawa ta kafa gwiwa a bakin famfo, ta cika bokiti, ta cika tukunya, tana ƙoƙarin tara har kaskon wainarta. Ya matsa kusa da ita.

"Iya, sannu da aiki. Yaya ruwa a unguwar nan?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba ya yankewa, Alhaji. Matsa mini, ka taka mini murfi."

Haladu ya yi dariyar yaƙe. "Ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe. Mu ƙarasa gaba."

Ba su yi nisa ba sai ƙasa ta yi wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu. Tsohon bututun da ya shekara yana barci an tashe shi da duka. Sai ji aka yi ɗum. Tsakiyar titi ta tsage, ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce kan dalbejiya. Manajoji suka watse, masu babbar riga suna tattarewa.

Darakta ya ɗaga kai yana kallon ruwan. "Wannan kuma fa?"

"Na ƙawata gari ne, ranka ya daɗe. Lokacin da muke Turai, kowane dandali da irinsa."

Ɗum. Wani ya fashe a gaban shagon mai faci. Ɗum. Na uku ya tashi a gindin motar Haladu, ya wanke ta da laka tun daga taya har rufi.

Asabe ta ce, "Lallai kun fi Turai. Naku har uku."

Ta juya wurin Darakta. "Ranka ya daɗe, tun da cikin abin da muke aunawa akwai saurin gyara, ga dama ta samu. A kira masu gyara mu gani."

Haladu ya buga waya yana zare ido. Aka jira. Aka ƙara jira. Motar gyaran hukumar ta daɗe a kan duwatsu, kaji ma sun san da haka. Can sai ga mutum biyu sun taho a ƙafa, ɗaya da shebur marar ƙota, ɗaya da tsohuwar robar tayar keke a kafaɗa. Suka tsaya suka ƙare wa ruwan kallo. Mai robar ya dubi abin hannunsa, ya dubi ruwan, ya ce wa ɗan'uwansa, "Wannan sai dai addu'a."

Haladu ya ce, "Nazari suke yi, ranka ya daɗe. Ba ma gyara da garaje."

Titi ya zama taɓo, dole aka ratse da baƙi ta wani lungu, inda Haladu bai taɓa nufin su gani ba. Suna tafe Asabe tana leƙa kwata. A bushe take ƙamas. A wani wuri ma kaza ce ta yi sheƙa a ciki, tana kwance a kan ƙwai hankalinta kwance.

Asabe ta ce, "Manaja, gaskiyarka, ana iya cin tuwo a nan. Amma ina da tambaya. Garin da ake wanka da wanki dare da rana, ina ruwan dattinsa yake zuwa?"

"Mutanenmu ba sa datti, Hajiya."

Wani magidanci da yake zaune a ƙofar gida, wuyansa ya yi fari fat da ƙura, ya ɗago ya dube shi. Haladu ya ƙara sauri.

Suna fitowa daga lungun sai suka ji hayaniyar Layin Maƙera ta sauya. Ruwan da yake tsiri sama ya fara rusunawa, ya dawo daidai kafaɗa, ya dawo gwiwa, ya kwanta. Famfo ya ce kwaf, kwaf, ya ja dogon numfashi, fuuu, ya yi shiru. Abin da aka hana gari guda aka tara, rabi ya tafi a bokitai, rabi ƙasa ta shanye. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Haladu ya koma gefe ya kira Sallau. Shi kuwa Sallau irin mutanen nan ne da suke ɗauka sai sun yi ihu waya take kai magana.

"Oga, tanki ya ƙafe. Ga ni a kansa, har ƙasansa nake gani."

"Kunna inji."

"Mun yi ta fama, oga. Ya ce ba yau ba."

Kowa ya ji. Kowa ya yi kamar bai ji ba. Darakta yana ta kallon farcensa.

Haladu ya tafa hannu. "Ranka ya daɗe, hutun rabin rana ne, mukan ba bututu dama ya sarara. Mu ƙarasa ofis, abinci yana jira."

To a wurin abincin ma sai da ya yi bajinta. Tun da farko ya ce ba za a raina shi ba, ya sa aka kawo tsire da balangu da dambun nama, an barbaɗe su da yaji ja wur, ga shinkafa dafa-duka mai attarugu. Baƙi sun sha rana, sun kwaso yunwa, suka zauna suka ci suka yi nak. Sai da yaji ya fara aikinsa sannan aka fara waige-waige. Wani manaja ya ɗaga jug ɗin ruwa, babu komai. Wani ya tashi ya murɗa famfon ofis, ko tari bai yi ba. Mutum goma sha wani abu, manyan injiniyoyin ruwa na jiha guda, suna zaune suna shiii-haaa, hawaye yana zuba.

Wani mai ƙiba ya ce, "Manaja, don Allah ko na leda ne a samo."

Aka tura direba. Ya zaga shaguna ya dawo hannu rabbana. Kowane mai shago ya rantse masa bai taɓa sayar da ruwan leda ba, shi bai ma san kamarsa ba.

Haladu ya lallaɓa bayan ofis ya kira Ɗanjimma.

"Ɗanjimma, kana ina? Kura ɗaya nake so yanzu-yanzu."

"Muna ƙauye, Manaja. Sun tafi ne?"

"Ba su tafi ba. Su ne ma suke so."

"A'a, Manaja. Kai da bakinka ka ce kamenmu za su zo yi. Allah ya saka da alheri." Ya kashe waya.

Sallau ya iso yana haki. Haladu ya cusa masa bokiti ya ce ya ruga Layin Maƙera ya roƙo ko rabi ne. Sallau ya sami Gwaggo Tabawa tana jera tukwanenta a zaure, ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Ruwa? Ku da naku ba ya yankewa? Je ka buɗe famfo, ɗan nan."

Ya bi gida-gida. Duk inda ya shiga amsar ɗaya ce, sun haddace karatun da aka biya musu. Ya dawo da bokiti yana lilo.

Ana cikin haka aka kira sallar azahar a ɗan masallacin da yake harabar ofishin. Darakta ya miƙe, leɓensa ya yi ja saboda yaji, ya naɗe hannun riga.

"Manaja, sha dai mun haƙura. A ba mu na alwala."

Haladu ya buɗe baki. A karo na farko tun da aka haife shi, babu abin da ya fito. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hular kwano.

Sai ga limamin masallacin ya fito, Malam Ilu, wani tsoho mai fara'a wanda idonsa ya fara rauni. Shi ba a sa shi cikin shirin ba, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya ga manyan baƙi tsaye cirko-cirko da butoci a bushe.

Ya ce, "Bayin Allah, kada ku damu, lokaci yana tafiya. Ai mu nan da tanadinmu."

Ya koma ciki. Haladu ya gane abin da zai ɗauko. Ya fara yi masa alama da hannu, yana girgiza kai, yana ƙifta ido. Malam Ilu ya fito rungume da wani faffaɗan dutse mai santsi, ya ajiye shi a gaban Darakta a hankali kamar ƙwai.

"Ga dutsen taimama, ranka ya daɗe."

Dutse ne mai kyau, an sassaƙe shi an goge. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi kwarmi biyu daidai tafin hannu, sai ƙyalli take yi saboda yawan shafa. A gefensa akwai rubutu da aka zana da shuɗin fenti. Darakta ya laluba aljihu, ya ɗauko tabaransa, ya sunkuya, ya karanta a fili da 'yar muryar nan tasa:

"Sadaka mai gudana daga Injiniya Haladu, Manajan Ruwa."

Wani manaja ya toshe baki da hula. Asabe ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa.

Malam Ilu ya hango Haladu yana ta yarfa hannu, ya yi murmushi. "Ka gan shi nan, ranka ya daɗe, ba ya son a faɗi alherinsa. Amma yau sai na faɗa. Shekarar da ya zo ya tarar muna buga hannu a ƙasa, ya ce wannan bai dace da hukumar ruwa ba. Shi ya sa aka sassaƙo mana, har walima aka yi ranar buɗewa. Yanzu masallatan unguwa ma aro suke zuwa. Kuma in gaya maka gaskiya, duk kayan da aka kafa a gidan nan, wannan ne kaɗai bai taɓa lalacewa ba."

Darakta ya cire tabarau, ya ninke, ya mayar aljihu. Ya ja da baya kaɗan, ya nuna dutsen da hannu.

"Bismillah, Manaja. Kai za ka fara. Ka fi mu sanin kan wannan injin."